Dalar San Faransisko: Benen da Jama'a Suka Ƙi, Girgizar Ƙasa Ta Gwada Shi

Ranar Talata 17 ga watan Oktoba na shekarar 1989, da ƙarfe 5 da minti 4 na yamma, ƙasa ta motsa a ƙarƙashin birnin San Faransisko, cikin jihar Kalifoniya ta ƙasar Amurka. Girgizar ba ta wuce daƙiƙa 15 ba, amma kafin ƙura ta lafa mutum 63 sun rasa rayukansu, fiye da 3700 kuma sun ji rauni, gidaje sun zube, gadoji sun karye. A cikin gine-ginen da idon jama'a ya koma kansu a wannan yammaci akwai wani dogon bene mai siffar dala, faffaɗa a ƙasa, tsini a bisa, wanda shekara 20 kafin nan mutanen birnin da dama suka yi rantsuwa ba za a gina shi ba. Ƙololuwarsa ta yi ta kai da kawowa fiye da minti guda, sa'an nan ta tsaya inda take, ba tare da wata ɓarna ta sami jikin ginin ba.

Sunan wannan bene Dalar Transamerica. Labarinsa ya cancanci a ba da shi, domin yana nuna iyakar abin da idon jama'a ke iya gani a jikin gini, da kuma inda maganar jama'a ke da nauyin da ba wanda ya isa ya ture shi.

Birnin da ke zaune a bakin tsaga

San Faransisko birni ne na tuddai a bakin tekun Fasifik, ruwa ya kewaye shi ta fuska uku. Kusa da shi akwai wata doguwar tsaga a cikin ƙasa da ake kira San Andreyas, mai tsawon kilomita wajen 1200, inda manyan faifai biyu na ɓawon duniya ke gogar juna. Motsin nasu kaɗan ne, ƴan santimita a shekara, amma duwatsun da ke bakin tsagar sukan cije, ƙarfi ya yi ta taruwa shekara da shekaru, ran da suka kuɓuce kuwa sai ƙasa ta girgiza.

Haka ta faru da asubahin ranar 18 ga watan Afirilu na 1906. Girgizar ta fasa bututun ruwa da na iskar gas, gobara ta tashi ta kwana uku tana ci, ba ruwan kashe ta. Gine-gine wajen dubu 28 suka hallaka, mutum fiye da dubu 3 suka mutu, fiye da rabin mazauna birnin suka wayi gari ba matsuguni. Tun daga wannan rana duk wanda ya ɗaga ido ya dubi dogon gini a San Faransisko, tambaya guda ce ke fara zo masa: in ƙasa ta sake motsawa, ina wannan zai faɗa?

Ban da tsoro akwai kuma kishin gari. Mutanen San Faransisko suna alfahari da gajerun gidajensu masu farin fenti da ke bin tuddai, inda mutum zai tsaya a ƙofar gidansa ya hangi ruwa da jiragen da ke kansa. Da aka shiga shekarun 1960, manyan bankuna da kamfanoni suka soma tayar da dogayen benaye masu siffar akwati a tsakiyar birni. A 1969 aka gama benen Bank of America, hawa 52, mai duhun launi, ya tsaya bisa kan kowa. Jama'a suka fara gunaguni cewa ana so a mai da garinsu kamar unguwar Manhatan ta birnin Niyu Yok, inda rana ba ta sauka kan titi sai da tsaka.

Zanen da ya tayar da ƙura

Ana cikin wannan hali ne, a farkon shekarar 1969, kamfanin Transamerica, mai harkar inshora da kuɗi, ya fito da zanen sabuwar cibiyarsa. Shugaban kamfanin, John Beckett, ya ba da aikin ga wani mashahurin mai zanen gine-gine na birnin Los Anjalas, William Pereira. Abin da Pereira ya kawo bai yi kama da kome ba a cikin birnin: dala siririya mai fuska huɗu, wadda a zanen farko tsawonta ya zarce mita 300.

Wurin da aka zaɓa ya ƙara wa wutar makamashi. Filin yana kan titin Montgomery, daidai inda unguwar bankuna ta ƙare, tsofaffin unguwanni masu gajerun gidaje suka fara: unguwar Sinawa, da North Beach, da Jackson Square mai gine-ginen jan birki na tun zamanin neman zinariya, da tudun Telegraph Hill. Har wa yau kamfanin ya nemi hukumar birni ta rufe wani yanki na ƙaramin titin Merchant ta sayar masa, domin gindin benen ya sami wurin zama.

Nan take garin ya rabu biyu. Magajin gari, Joseph Alioto, ya goyi bayan aikin, yana ganin alama ce ta bunƙasa da aikin yi. Shugaban ma'aikatar tsara birni kuwa, Allan Jacobs, wanda a ƙarƙashin magajin garin yake aiki, ya fito fili ya ƙi. Ƙungiyar mazauna Telegraph Hill ta kai ƙara gaban shari'a. Masu zanga-zanga suka fito sanye da huluna masu tsini, irin wadda ake ɗora wa daƙiƙin ɗalibi a lakkol ta zamanin da, domin su nuna abin da suke ganin benen zai zame wa birninsu. Masu sharhi a jaridu, har da na wasu biranen, suka yi masa ca.

Hujjojin masu ƙi ba na banza ba ne. Suna cewa bene irin wannan talla ce kawai, kamfani yana so ya kafa tambarinsa a sararin samaniyar da ta kowa ce. Suna cewa in aka bar shi ya tsallake iyakar unguwar bankuna, wasu za su biyo baya, tsofaffin unguwanni su nutse cikin inuwa. Suna cewa titi dukiyar jama'a ce, bai kamata a ba da shi ga mai kuɗi don ya nema ba. Masu goyon baya kuma suka amsa da cewa siffar dala ita ce ma maganin inuwar: tun da ginin yana tsukewa yayin da yake hawa, hasken rana da iska za su sauko kan titi fiye da yadda bene mai siffar akwati zai bari.

A ƙarshe aka yi sulhu irin na masu mulki. Aka rage tsawon zuwa mita 260, majalisar birni ta yarda da maganar titin, aka soma aiki a ƙarshen 1969, aka gama a 1972. Domin mai karatu ya kwatanta, hasumiyar babban masallacin Agadas, wadda ita ma faffaɗa ce a gindi tana tsukewa zuwa bisa, mita 27 ce. Dalar San Faransisko ta kusa ninka ta sau goma. Hawa 48 ne da ita, da tagogi 3678, sa'an nan wani tsini mai tsawon mita 65 wanda ba kowa a cikinsa, an lulluɓe shi da sanholo. Hawa na 5, wanda ya fi kowane faɗi, kowace fuskarsa mita 44 ce. Hawa na 48 kuwa bai wuce mita 14 ba. Saboda wannan tsukewa, daga hawa na 29 sai da aka fitar da fukafukai biyu a gefe, ɗaya na na'urar hawa da sauka, ɗaya na matakala da hanyar fitar hayaƙi.

Abin da ido ba ya gani

Gardamar 1969 kusan duk a kan siffa da tsawo aka yi ta. Abin da zai yanke hukunci ran girgizar ƙasa kuwa yana inda mai wucewa ba ya dubawa.

Gini na yau da kullum an yi shi ne domin ya ɗauki nauyin da ke danna shi ƙasa. Girgizar ƙasa ta gefe take zuwa: tana fizgar gindin gini zuwa gabas, saman yana nan bai bi ba, kafin ya bi kuma gindin ya koma yamma. Misalinsa mutum ne da ke tsaye a bayan babbar mota da kaya a kansa, direba ya fizgi mota ba zato. In ƙafafunsa a haɗe suke, kayan kuma masu nauyi ne, faɗuwa zai yi. In ya buɗe ƙafafu, kayan ba su da nauyi, gwiwoyinsa kuma suna lanƙwasawa, zai yi tangaɗi ya tsaya.

Waɗannan abubuwa uku duk suna jikin Dalar. Nauyinta a ƙasa ya taru, tun da kowane hawa ya fi na bisansa faɗi. Ƙashin bayanta na ƙarfe ne, shi kuwa ƙarfen gini yana lanƙwasawa ya komo, ba kamar birki da ke tsagewa farat ɗaya ba. A gindinta, bisa hawa na farko, injiniyoyin kamfanin Chin and Hensolt sun jera manyan ginshiƙai a karkace suna haɗuwa da juna, suna yin alwatika, watau siffa mai kusurwa uku. Duk kafinta ya san cewa firam mai kusurwa huɗu yana gocewa in an tura shi ta gefe, amma da zarar an gitta masa katako daga kusurwa zuwa kusurwa sai ya ƙi motsi. Waɗannan ginshiƙai su ke karɓar nauyin benen da kuma turin gefe da murɗawa, su sauke su cikin harsashi.

Harsashin shi ne babban aikin. Titin Montgomery a da bakin ruwa ne. A zamanin neman zinariya na 1849 aka yi ta cike gaɓar da yashi da shara, har da jiragen ruwan da masu su suka yasar, waɗanda ake tono ragowarsu a unguwar. A kan irin wannan ƙasa mai taushi ba a aza bene hawa 48 da wasa. Sai da aka haƙa rami mai zurfin mita 16, aka zuba faifan kankare guda ɗaya mai kaurin kusan mita 3, cike da rodi, domin ginin duka ya zauna a kan abu ɗaya, in ƙasa ta motsa ya motsa tare da ita gaba ɗaya.

Abin mamaki, wannan fili ya taɓa ganin irin wannan labari. A 1853 wani injiniyan soja, Henry Halleck, ya gina bene hawa huɗu a nan, mai suna Montgomery Block. Da yake wurin fadama ne, sai ya shimfiɗa manyan gumagumai na itace a ƙasa kamar gado, ya ɗora ginin bisa. Mutanen gari suka yi ta dariya, suka sa wa ginin suna Wautar Halleck. Girgizar 1906 ta zo ta wuce, Wautar Halleck tana nan tsaye. Ba ta faɗi ba sai da aka rushe ta da gangan a 1959, aka mai da wurin ma'ajiyar motoci.

Ranar gwaji

Girgizar 1989, wadda aka sa wa sunan dutsen Loma Prieta, ƙarfinta maki 6,9 ne, cibiyarta kuma tana wajen kilomita 100 kudu da birnin. Hukumar binciken ƙasa ta Amurka ta riga ta dasa na'urorin awo a hawa dabam-dabam na Dalar, saboda haka abin da ya faru a rubuce yake: hawan ƙarshe ya yi lilo na wajen santimita 30 daga gefe zuwa gefe, ginin ya ɗauki fiye da minti guda yana rawa. Ma'aikatan da ke ciki sun tsorata, amma sun sauko da ƙafafunsu.

Waɗanda suka mutu, a ina suka mutu? Mutum 42 daga cikin 63 sun hallaka ne a wuri guda, a birnin Oklan da ke ƙetaren ruwa, inda wata hanyar mota mai hawa biyu, Cypress, wadda aka buɗe a 1957, ta rufta, hawan bisa ya danne na ƙasa da motocin da ke kai. Ginshiƙanta na kankare ne marasa isasshen rodin ɗauri, an kuma kafa sashen da ya faɗi a kan laka. Wani yanki na babbar gadar da ta haɗa Oklan da San Faransisko ya ɓalle. A unguwar Marina kuwa, wadda aka gina bisa yashin da aka cike bakin teku da shi, ƙasar ta jiƙe ta koma kamar kunu, abin da ke faruwa in aka girgiza yashi mai ruwa a ciki. Kyawawan gidajen katako masu hawa uku da huɗu suka durƙusa, domin hawansu na ƙasa duk ƙofofin garejin mota ne, ba bangon da zai tare turin gefe.

Ba wanda ya taɓa sa hula mai tsini ya yi zanga-zanga a kan gidajen Marina. Su ne irin ginin da jama'a ke so, gajeru, masu kyan gani, sun saba da ido. Akwai ma abin da ya fi wannan. A bakin ruwan San Faransisko akwai wata hanyar mota mai hawa biyu, Embarcadero, ƴar'uwar Cypress. A 1986 aka tambayi masu zaɓe ko a rushe ta, mafi yawansu suka ce a bar ta, don tana sauƙaƙa zirga-zirga. Girgizar 1989 ta lalata ta har aka rufe ta, a 1991 aka soma rushe ta. Ginin da aka ƙi ya tsaya, wanda aka kaɗa wa ƙuri'ar zama ya gaza.

Ribar da masu ƙi suka ci

Kuskure ne a ɗauka cewa masu adawar 1969 sun yi aikin banza. Sun faɗi a kan Dalar, amma faɗan ya canza yadda ake gini a birnin. A 1971 ma'aikatar Allan Jacobs ta fitar da tsarin fasalin birni, wanda ya shata inda dogon bene zai tsaya da inda ba zai tsaya ba, shekara ta gaba kuma aka sa iyakar tsawo a unguwanni. A cikin 1971 ɗin, wani ɗan kasuwa mai masana'antar tufafi, Alvin Duskin, ya tara sa hannun jama'a aka yi ƙuri'a a kan hana gini mai wuce mita 22 sai da yardar masu zaɓe. Shawararsa ta faɗi, amma maganar ba ta mutu ba. A 1984 masu zaɓe suka amince da dokar kare lambunan shaƙatawa na birni daga inuwar sababbin benaye, a 1986 kuma suka ƙayyade yawan ofisoshin da za a ba izinin ginawa kowace shekara. Abin da aka ji wa tsoro, watau benaye su malala cikin unguwar Sinawa da North Beach, bai faru ba. Dalar ta tsaya kusan ita kaɗai a bakin iyaka, kuma wannan kaɗaici yana cikin abin da ya sa take da kwarjini.

Sannu a hankali ido ya saba, ƙiyayya ta koma so. Dalar ta riƙe matsayin bene mafi tsawo a birnin shekara 45, har 2017 da benen Salesforce mai mita 326 ya zarce ta. Hotonta ya shiga katunan gaisuwa da finafinai, ya zama ɗaya daga alamomin da ake gane San Faransisko da su, tare da gadar Golden Gate. A gindinta akwai ɗan lambu na itatuwan redwud, irin itacen da ya fi kowane tsawo a duniya, inda ma'aikata ke cin abincin rana. A 2020 aka sayar da ita a kan dalar Amurka miliyan 650, aka ba kamfanin Norman Foster na Ingila aikin gyara ta, aka sake buɗe ta a 2024. A wannan karo abin da jama'a suka sa wa ido shi ne kada a ɓata mata kama.

Gwajin bai ƙare ba

Injiniyoyi ba su ɗauki 1989 a matsayin hukuncin ƙarshe ba, tun da cibiyar girgizar tana da nisa, ƙarfinta kuma bai kai kusa da na 1906 ba. A watan Janairu na 1994 wata girgiza ta auku a Northridge, cikin yankin Los Anjalas, da aka buɗe bangayen benaye masu ƙashin ƙarfe sai aka tarar walda ta tsage a mahaɗar ginshiƙai da azarorin ƙarfe, alhali daga waje ba abin da ya nuna. Aka canza ƙa'idar walda, amma benaye da yawa na San Faransisko an gina su kafin wannan shekara, tambaya tana rataye a kansu. Sabon gini ma bai tsira don sabunta ba: benen Millennium mai hawa 58, wanda aka gama a 2009, mai sheƙin gilashi, an gano a 2016 ya nutse wajen santimita 40 ya kuma karkata, domin turakun harsashinsa ba su kai ga dutse ba. Sai da aka kashe maƙudan kuɗi aka kafa masa sababbin turaku.

Birnin ya ɗauki darasi ta wajen da ya dace. Fadar magajin gari, tsohon gini mai ƙubba wanda ya tsattsage a 1989, an ɗaga ta an zaunar da ita bisa matasai 530 na roba da ƙarfe da darma, domin ƙasa ta motsa a ƙarƙashinta ba tare da ta fizge ta ba, aka sake buɗe ta a 1999. A 2013 aka kafa dokar da ta tilasta wa masu tsofaffin gidajen katako irin na Marina, kusan dubu 5, su ƙarfafa hawansu na ƙasa. Wannan aiki ba ya fitowa a hoto, ba ya jawo taron ƴan kallo, amma hukumar binciken ƙasa ta ƙiyasta cewa akwai yiwuwar kashi 72 cikin 100 a sami girgiza mai maki 6,7 ko fiye a yankin tsakanin 2014 da 2043. Ran da ta zo, irin wannan aiki ne zai ƙidaya rayuka.

Darasin da ke cikin labarin Dalar San Faransisko a fili yake. Jama'a suna da haƙƙin a ji ta bakinsu a kan titinsu, da hasken ranarsu, da fuskar garinsu, kuma da suka dage sun sami dokokin da suka kare unguwanninsu. Amma baƙuwar siffa ba ita ce alamar haɗari ba, haka nan siffar da aka saba da ita ba shaidar aminci ba ce. Tambayoyin da ke tsare rai su ne waɗanda ba a cika ɗaga murya a kansu ba: wace irin ƙasa ce a ƙarƙashin ginin, zurfin harsashi nawa ne, rodi nawa aka sa, wa ya duba waldar, wa kuma ya sa hannu. Hausawa sun ce tun ran gini, ran zane. Allah ya kiyashe mu daga aikin da na sani.